Hausar Iya

Kakata ta wajen uba ta yi shekara arba'in da wani abu a Kano, har ta koma ga Allah ba ta iya bambance "kai" da "ke" ba. Iya muke ce mata, haka ma duk unguwa, don kalmar ba ta ba kowa wahala: Bahaushe ya san ta, Bayarabe ya san ta. Daga wani gari na ƙasar Yarabawa ta zo bayan rasuwar mijinta, da ɗa guda ɗaya, wanda shi ne mahaifina, a lokacin bai wuce shekara goma sha biyu ba. Suka sauka a Sabon Gari wajen wani ɗan garinsu, ta samu rumfa a cikin kasuwa tana sayar da garin alabo da agushi da manja da busasshen kifi. A wannan rumfar ta tsufa.

Shi kuwa Baba, Kano ta shige shi tun daga farko. An kai shi Kantin Kwari wajen wani Alhaji mai sayar da atamfa, kafin shekara biyu ya fi 'ya'yan maigidan iya ciniki. Ya yi karatu a wajen malaman Fagge, ya koyi sa babbar riga da kafa hula, har ya zamana in ba ka lura da tsagar fuskarsa ba, ba za ka taɓa cewa ba a cikin ganuwa aka yanke masa cibiya ba. Da ya samu abin hannunsa ya auri mahaifiyata, ita ma Bayarabiya ce amma haihuwar Kano, sai ya bar Sabon Gari ya sayi gida a Fagge, ya taho da Iya. A nan aka haife mu duka.

Doka ɗaya ce a gidanmu wadda ba a taɓa ta: Hausa ake yi. Baba ba ya duka a kan haka, ba ya ma ɗaga murya. Idan ka yi masa magana da Yarabanci sai ya ci gaba da abin da yake yi kamar bai ji ba, har sai ka sake da Hausa. Shi kansa da uwarsa kaɗai yake yin Yarabanci, shi ma a ɗakinta, murya ƙasa-ƙasa. Haka muka taso muna jin yaren sama-sama, ba ma iya mayarwa.

Sau ɗaya na taɓa tambayarsa dalili, ina ajin ƙarshe na sakandare. Ya ce wata rana yana saurayi gari ya rikice, yana hanyar komawa Sabon Gari wasu matasa da sanduna suka tare shi, sun ga tsagarsa. Ya yi musu magana, bai ma tuna abin da ya ce ba, sai ɗayansu ya ce a rabu da shi, nasu ne.

"Ban ji daɗin zama nasu ba a ranar," in ji Baba, "amma na dawo gida da ƙafata. Ba na so wata rana ku tsaya a gaban wani, bakinku ya tona ku."

Iya dai ba ta bi wannan hanya ba. Da safe ta fita daga Fagge ta tsallaka Sabon Gari, inda rabin masu sayen kayanta 'yan garinsu ne, sauran kuma ba sa neman dogon zance a kan manja. Ta iya gaisuwa, ta san sunan kayan miya, ta san zagi biyu ko uku da take yi wa masu tura baro in sun buge mata buhu. Sauran kuwa sai dai ta gyaɗa kai ta ce, "To, to." Na tuna ranar da limamin unguwa ya shigo duba Baba yana zazzaɓi, Iya ta tare shi a soro ta durƙusa ta ce, "Malam, kin tashi lafiya?" Liman ya amsa mata da ladabi kamar ba komai. Mu yara muka ruga bayan gida muna dariya. Baba da ya jiyo daga ɗaki ya yini ransa a ɓace.

Gidan da ke jikin namu na wani tsohon sufeton makarantu ne, mutumin Zariya, wanda ya rasu tun ina firamare. Matarsa, Hajiya, 'yar gidan malamai ce. Ba ta yi boko ba, amma ta sauke Alƙur'ani tun tana budurwa, tana rubuta ajami mai kyau, ita ke koyar da matan unguwa a Islamiyya ranar Asabar da Lahadi. Mace ce mai tsabtar magana. In ka cusa Turanci cikin zance a gabanta sai ta tambaye ka ko Hausar ce ta ƙare.

Wannan Hajiyar ita ce aminiyar Iya. Kullum bayan la'asar, in Iya ta dawo daga kasuwa, za ta shigo da 'yar kujerarta su zauna a gindin dalbejiyar tsakar gidanmu. Iya na ɓarar agushi, Hajiya na tsintar shinkafa ko jan carbi. Hajiya ta yi ta zuba da Hausa, Iya ta mayar da Yarabanci haɗe da 'yar Hausarta, kuma a wuri ɗaya za ka ji sun yi dariya. Ban taɓa gane yadda suke yi ba. Kowacce ta san ciwon gwiwar 'yar'uwarta, ta san halin marigayi mijinta. Iya ba ta iya cewa Hajiya, "Alaja" take kiranta. Lokacin da sufeto ya rasu, Iya ta rufe rumfarta kwana bakwai ta zauna da ita. Duk da haka, ba a yin mako Hajiya ba ta ce mata ba, "Iya, shekara nawa kina shan ruwan Kano, ki ce har yau ba ki iya ba? Wannan ai ganganci ne." Iya ta yi murmushi ta ce, "To, to."

Ni kuwa na bi sawun Baba har na wuce shi. Hausa na karanta a kwalejin horar da malamai, na zama malamar Hausa a wata sakandaren 'yan mata. Ina jin daɗin ganin mamakin ɗalibai in suka ji sunan mahaifina, bayan na gama gyara musu ƙa da ɗa a rubutu. A raina na yanke cewa abin da ke damun Iya taurin kai ne. In ni jikarta zan iya koyar da 'ya'yan Kanawa harshensu, me zai hana ta koyon gaida liman daidai?

Da maganar aurena ta taso, wanda zan aura ɗan cikin birni ne, daga gidan da ake tambayar asalin mutum har kaka na uku. Aka sa ranar da gwaggwanninsa za su zo ganin gida su gaisa da iyaye mata. Da safiyar ranar na shiga ɗakin Iya. Na tarar ta baje ashokenta, saƙin nan na Yarabawa, a kan gado, wanda take ajiyewa a ƙasan akwati sai babban biki, tana shafa shi da hannu. Na zauna a bakin gadon, na yi mata magana da Hausa a hankali, kalma-kalma, yadda ba za ta ce ba ta gane ba.

"Iya, in baƙin nan sun zo, ki gaisa da su kawai. Sauran maganar Mama za ta yi."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Na ji." Ba ta ce "to, to" ba.

Baƙi suka zo su huɗu. Iya ta fito cikin ashokenta, ta ɗaura gwaggwaro har yana taɓa saman ƙofa, ta zauna a kujerar da ta dace da babbar gida. Ta amsa sallama, ta ce sannu da zuwa, daga nan ba ta ƙara buɗe baki ba har aka ci abinci aka sha lemo. Can sai babbar cikinsu ta juya ga Mama ta ce, "Iya ba ta jin Hausa ne?"

Mama ta ce tana ji kaɗan-kaɗan.

"Ba ta daɗe da zuwa ba ke nan."

Mama ta faɗi shekarun. Matar ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah."

Hajiya na zaune a gefe, don an gayyace ta a matsayin uwa. Ita ce ta ce, "Tana jin duk abin da ya kamata ta ji. Shekara ashirin muna tare, ban taɓa jin ta ɗauki maganar wani ta kai wa wani ba. Ku ci naman nan mana, ita ta soya." Aka yi dariya, zance ya wuce.

Da Baba ya dawo daga Kwari da yamma Mama ta ba shi labari. Maimakon ya yi shiru, sai ya je ya tsaya a ƙofar ɗakin Iya yana mata magana a hankali, wai ga irin abin da yake faɗa mata tun tuni, yau ga shi an yi mata tambaya a gaban surukai. Ranar ce kaɗai na ji Iya ta ɗaga masa murya. Ta fito tsakar gida, gwaggwaronta a hannu, ta yi maganar da Yarabanci, kuma duk da ƙarancin abin da nake ji, babu kalmar da ta wuce ni.

Ta ce, "Ɗa guda na zo da shi garin nan, na ba su shi gaba ɗaya. Jikokina ma na ba su, ba wanda zan yi hira da shi. Sallarsu nake yi, azuminsu nake yi, ban taɓa cin haƙƙin kowa ba. Abin da ya rage mini shi ne bakin da uwata ta yi mini magana da shi. Shi ma sai na bayar?"

Baba ya juya ya shige ɗakinsa. Ni kuwa ina bakin randa da moɗa a hannu, a kunnena aka yi komai. Ba ta faɗa masa abin da na ce mata da safe ba, ba ta kuma taɓa tayar mini da shi ba.

Bayan aurena da kamar shekara ɗaya aka gano Iya na da ciwon suga. Ranar da za ta koma asibiti a ɗora ta a kan magani, ni ce na yi alkawarin raka ta, don makarantarmu ba ta da nisa da gida. Sai aka sa ni tsaron jarrabawa. Gaskiya da na nemi wata malama ta riƙe mini da an samu, ban dai nema ba. Iya ta hau adaidaita ta tafi ita kaɗai. Layi ya yi tsawo, nas ɗin na sauri, ta miƙa mata ƙwayoyi ta yi mata bayani da Hausa cewa lallai sai ta ci abinci kafin ta sha. Iya ta gyaɗa kai. Ita kuwa tun zuwanta Kano ba ta karyawa sai rana ta take tsaka. Ta riƙa shan maganin da sassafe da ruwa ta tafi kasuwa. A rana ta uku, wajen hantsi, ta faɗi a cikin rumfarta. Maƙwabciyar rumfarta, wata 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da shinkafa, ita ta ɗura mata ruwan suga ta sa aka ɗauke ta zuwa asibiti.

Da muka haɗu da Baba a barandar asibitin, abin da ya ce mini kawai shi ne, "Kin ga abin da nake gudu." Na ce haka ne, Baba. Ya fi mini sauƙi in ɗora wa Hausar Iya laifin da in faɗi nawa.

Da aka sallamo ta, Hajiya ta ce abin ya wuce wasa, ita za ta koya mata da kanta. Ta fara daga jiki: kai, ciki, jiri, zufa. Daga nan ta koma kan "kafin" da "bayan". Makon farko lafiya lau, Iya na maimaitawa tana ɓarar agushinta. A mako na biyu na biya gida daga makaranta, ina zaune tare da su, sai Iya ta ajiye tire ta ɗaga yatsa ɗaya.

"Alaja. Ni ɗaya, kai ɗaya."

Hajiya ba ta gane ba. Na ce mata Iya na nufin in ta ɗauki kalmar Hausa ɗaya, ita ma Hajiya ta ɗauki ta Yarabanci ɗaya.

Hajiya ta yi dariya. Da ta ga Iya ba ta yi ba, sai ta gyara zama ta ce, "Ni da nake zaune a ƙasarmu? Me zan yi da Yarabanci? Ke ce kika zo, Iya. Baƙo shi ke koyon maganar masu gida."

Iya ta nuna ta da yatsa ta ce, "Kai ma Zariya."

"Zariya da Kano ai harshe ɗaya ne."

Iya ta maimaita kalmar a hankali, "Baƙo." Wannan kam ta san ta sarai. Ta ɗauki tirenta ta shige ɗaki. Hajiya ta jira, ta jira, sannan ta ɗauki kujerarta ta fita. Daga ranar sai gaisuwa in an haɗu a lungu. Mama ta yi ƙoƙarin shirya su, kowacce ta ce ita ba ta yi faɗa da kowa ba.

Ana cikin haka autar Hajiya, wadda ke aure a Ingila, ta haihu, aka yi wa Hajiya takardu ta tafi wankan jego. Ba ta shigo sallama ba, a bakin Mama ta bar saƙo. Iya kuwa ta ƙulle niƙaƙƙen agushi da daddawa a leda ta ce a kai mata. An ce wata biyu za ta yi, amma da yake jaririn bakwaini ne, sai da ta kusa wata shida.

Washegarin dawowarta na je yi mata sannu da zuwa. Gidan cike da matan Islamiyya. Na zauna har suka ragu, na miƙe zan tafi, ta ce, "Malama, zauna." Haka take kirana tun da na fara koyarwa, rabi girmamawa rabi tsokana. Ta rame, ta yi haske.

Ta ce wata rana 'yarta ta koma aiki, mijin ma ba ya nan, wata ma'aikaciyar lafiya ta zo gida duba jaririn. Hajiya ta lura tun safe yaron ba ya kama nonon kwalba yadda ya saba, numfashinsa ma ya sauya. Tana so ta faɗa.

"'Ya'ya bakwai na raina, Malama. Na san abin da nake gani. Na buɗe baki, babu komai a ciki. Matar ta yi mini magana, ban gane ba. Ta ƙara murya, ban gane ba. Ta sake ƙarawa, kamar kurma ce ni. Sai na tsinci kaina ina gyaɗa mata kai ina murmushi, ban san abin da nake yarda da shi ba. Wallahi a wannan lokacin Iya ce ta faɗo mini a rai."

Allah ya taimaka matar mai lura ce, ta kira uwar yaron a waya, aka kai shi asibiti ya samu sauƙi. Bayan nan Hajiya da kanta ta ce a sa ta a ajin koyon Turanci da ake yi wa baƙi a unguwar. Ta ce sun fi su goma, tsofaffin mata daga ƙasashe daban-daban, wata yarinya sa'ar jikarta na nuna musu hoton kofi da cokali. Surukinta ya gaya mata cewa a can kullum ana ta muhawara a talabijin, wasu na cewa duk wanda zai zauna a ƙasar dole ya koyi Turanci ya zama kamar su, wasu na cewa a ƙyale mutane.

Na ce, "To ke me kika gani, Hajiya?"

"Ni ban ce ba su da gaskiya ba. Har gobe ina kan bakana, wanda zai zauna a wuri ya koyi maganar wurin, ko don kansa. Kin ga abin da ya samu kakarki, kin ji nawa. Abin da ban sani ba, na ɗauka duk wanda bai iya ba rashin so ne. To ni na so. Wata huɗu ina zuwa, sanyi kamar zai tsinke mini yatsu. In haddace da safe, kafin azahar ya zube. Ni da nake ɗaukar shafi guda a zama ɗaya ina yarinya. Kuma can ba wanda ya san na taɓa sanin wani abu. Tsohuwa ce kawai mai gyaɗa kai."

Ta murza carbinta, sannan ta ce akwai abin da ya fi wannan ci mata rai. Babban jikanta na can, mai shekara biyar, in ta yi masa Hausa sai ya dube ta ya amsa da Turanci. Wata shida suna gida ɗaya ba su yi hirar da ta wuce "zo" da "ci" ba. Ta yi wa 'yarta faɗa sosai. 'Yar ta ce mata, "Hajiya, a nan fa za su zauna. Ba na so a ware su a makaranta."

Na ce, "Maganar Baba ke nan."

Ta ce, "Na sani. Shi ya sa na ce ki zauna."

Kwana biyu bayan nan, bayan la'asar, ta shigo gidanmu da kujerarta. Mama ce ta ba ni labarin yadda aka yi. Ba wadda ta ba wata haƙuri. Hajiya ta zauna, Iya ta tura mata tiren agushi gabanta, suka yi ta ɓara. Can Hajiya ta ɗaga tiren ta ce, "Wannan me kuke ce masa?" Iya ta faɗa. Hajiya ta maimaita, ta karya muryar inda ba a karyawa, kalmar ta koma wani abu dabam da ba a faɗa a gaban yara. Iya ta yi dariya har da tari, sai da aka kawo mata ruwa.

Ba zan ce wani babban abu ya sauya ba. Hajiya ba ta wuce kalma goma ko sha biyu ba, duk a karkace. Iya ta riƙe "kafin" da "bayan", amma ta ci gaba da ce wa maza "ke". Sai dai daga lokacin Hajiya ce ke raka ta asibiti duk wata. Ta zauna kusa da ita ta ce wa nas, "'Yata, a hankali. Sake faɗa." In an fito ta sa Iya ta nuna mata da hannu yadda za ta sha maganin, sai ta tabbatar sannan su hau adaidaita.

Har yau ina koyar da Hausa, kuma kusan rabin ajina 'ya'yan Sabon Gari ne, wasu iyayensu daga kudu, wasu daga tsakiyar ƙasa. Ba na yi musu sassauci, don na san ranar da za su buƙace ta, a asibiti ko a ofis ko a kan hanya. A nan ina tare da Baba. Amma in na ji biyu suna yarensu a baranda ba na tsawata musu kamar da. Wani lokaci iyayensu mata kan zo ranar karɓar sakamako, in ga yarinya ta sha gaban uwarta tana amsa tambayar da uwar aka yi wa, tana satar kallon ƙawayenta. Nakan ce mata ta bari uwarta ta yi magana, ko da me za ta yi, mu jira. Abin da har yanzu ban warware ba shi ne inda ya kamata a tsaya: nawa ne mutum zai ɗauka na masu gari, nawa ne zai ajiye nasa, kuma wa ke da ikon faɗa masa ya isa. Baba ya ba mu Kano gaba ɗayanta, na gode masa. Amma na zauna da kakata shekara ashirin da bakwai a gida ɗaya, ban san sunan ƙawayenta na yarinta ba, ban san yadda ta haɗu da kakana ba. Ba ɓoye mini ta yi ba, bakin tambaya ne ba ni da shi.

Iya ta rasu shekara uku bayan dawowar Hajiya, wata ranar Talata da hantsi, bayan jinyar kwana biyar. 'Yan'uwa daga garinsu suka bugo waya suna so a kai ta gida. Baba ya ce ta riga ta gaya masa, inda ta mutu a nan za a rufe ta, kada a bari rana ta faɗi. Hajiya na cikin waɗanda suka yi mata wanka. Aka yi mata salla a ƙofar gida bayan azahar.

Bayan arba'in Baba ya ce zai kai akwatin kayanta wajen ƙanwarta, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Na ce zan bi shi. Wannan ne zuwana na farko garin. Tun daga tasha aka fara ce wa Baba Alhajin Hausa. Yarabancinsa ma ya ba su dariya, wai irin na yaran da ne, akwai kalmomin da aka daina faɗa tun tuni. Ni kuwa sai murmushi da durƙuso.

Ƙanwar Iya tsohuwa ce ƙanƙanuwa, amma goshin da hannuwan duk na Iya ne. Ta riƙe fuskata da tafukanta biyu ta yi ta magana, Baba na fassara mini abin da ya samu. Da aka buɗe akwatin ta ɗauki zani ɗaya ta kai hancinta, ta ce ƙamshin Hausawa, turaren wuta ne ya kama shi. Sannan ta ba mu labarin da bai taɓa zuwa kunnenmu ba. Ta ce duk lokacin da Iya ta zo ganin gida, ba ta yin mako sai ta fara ƙorafi: miyarsu ba daddawa mai kyau, mutanensu ba su iya doguwar gaisuwa ba, ladaninsu ba ya kiran salla a kan lokaci. In tana magana kuma sai ta riƙa jefa wasu kalmomi da ba wanda ya sani. A garin, in ji ta, Iyan Kano ake ce mata, yara har kwaikwayonta suke yi.

Ta ce akwai abu ɗaya da yayarta ke faɗa kullum, ta daɗe tana son ta san ma'anarsa. Ta dafa gwiwa, ta yi kamar za ta zauna, ta ce, "Wash, Allah."

Da muryar Iya ta faɗe shi, sak. Na fara dariya, ban san lokacin da ta koma kuka ba. Baba ya buɗe baki zai fassara, ya tsaya, ya dube ni, ni malamar Hausa, na girgiza kai. Daga ƙarshe ya ce mata ba shi da wata fassara, abin da tsoho ke faɗa ne in zai zauna.

Ta ce to ai daidai take amfani da shi ke nan, don ita ma ta fi shekara goma tana faɗa.